Sunan 'Yar Fari

Maamobi, Akra
9 ga Maris, 1987

Zuwa ga Goggo Hamsatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ladabi, ina fatan kina lafiya, ke da ɗanki Yaya Issaka da duk mutanen Kumasi.

Goggo, na daɗe ina jin nauyin rubuta miki wannan. Tun da kika kawo 'yarki Lariba riƙo gidanmu, Baba yana da rai, ban taɓa ƙinta ba. Gadonmu ɗaya, makarantarmu ɗaya. Amma ki duba halin da nake ciki.

Na san al'ada ce uwa ba ta kama sunan 'yar fari. To, ni Mma ko kallona ba ta yi. "Ke" ce ni, ko "waccan". Lariba kuwa ana kiranta tun asuba. A rumfar wake da shinkafarmu ta kasuwar Malam Atta ita ke zuba wa mutane, ni ke wanke tukunya. Ban taɓa sa takalmin da aka saya domina ba. Na Lariba ake sayowa, sai ta ce ya yi mata yawa, sannan a jefo mini.

Ranar ba da kyaututtuka na zo ta ɗaya a ajinmu. Malamarmu ta kama hannun Mma ta ce, "Ke ce mahaifiyar Zuera?" Mma ta kau da kai ta ce, "Lariba ce tawa." A gaban 'yan ajinmu.

Ina roƙonki, ko na hutu ɗaya ne, ki kira Lariba ta zo wurinki. Ina so in ga ko Mma za ta lura da ni idan ni kaɗai ce a ɗakin. Don Allah kada ki gaya mata na rubuto.

Taki cikin biyayya,
Zuera


Kumasi
21 ga Maris

Zuera,

Wa alaikis salam. Issaka ke rubutawa, ni ke faɗa, kuma na ce kada ya gyara mini ko kalma ɗaya.

Ashe turancin da ake koya miki na korar baƙo ne. Sannu, 'yar boko. Ke kika tsaro wannan, ko uwarki ce ta gaji da ciyar da 'yata tun da ɗan'uwana ya kwanta dama, ta sa ki a gaba? Ni ban ba da riƙo don a riƙa yi mini gori da takalmi ba. Ba hutu za ta zo ba, dawowa za ta yi. Ina nan tafe a motar goro ran Alhamis. Ki ce a haɗa mata kayanta, har da takalman, tunda lissafinsu kuke yi.

Ki gai da uwarki in kin ga dama.

Goggonki


Kumasi
2 ga Mayu

Ke Zuera,

Ina gaishe ki, don Mma ta koya mini gaisuwa.

Kina makaranta ranar da uwata ta zo, kuma na san ba wanda zai ba ki labari duka. A tsakar gida ta tsaya, ta sa Yaya Issaka ya karanta wasiƙarki da ƙarfi. 'Yan haya duk sun fito, har matar tela mai jego. Da aka zo wurin "Lariba ce tawa" wasu suka yi dariya. Mma tana tsugune tana tsince wake, ba ta ɗago ba. Uwata ta ce, "Matar da aka ƙwace wa riƙo, wa zai ƙara ba ta ko akuya?" Mma ta ce, "Ki yi haƙuri, Goggon yara." Iyakar abin da ta ce ke nan.

Yanzu goro nake jerawa a kasuwa. Makaranta ta ƙare. Uwata ta ce ta ga abin da boko ke koya wa 'ya'ya mata.

Batun takalmi. Ke mai zuwa ta ɗaya, ba ki taɓa tambayar kanki me ya sa kullum yake yi mini yawa, ke kuma ya yi miki cif ba? In kin shiga wanka Mma take karya tsinken tsintsiya ta auna tsohon takalminki. Ni nake kai tsinken wurin masu takalma a Zongo Lane in sayo. Sai in sa shi kwana biyu ina jan ƙafa, don kada a ce ta saya wa 'yar cikinta. Nawa na gwanjo ne, ba ki taɓa kallon ƙafata ba.

Ranar kyauta kuma, a motar dawowa, ta sa na karanta mata sakamakonki har muka isa Maamobi. Ta ce, "Sake karanta wurin 'yar'uwarki."

Ga ɗakin nan, ke kaɗai. Ki ji daɗi.

Lariba


Maamobi
17 ga Mayu

'Yar'uwata Lariba,

Assalamu alaikum. Na sami wasiƙarki. Ba ni da bakin neman gafara, amma ina nema.

Shekaranjiya igiyar takalmina ta tsinke. Na ajiye shi a bakin ƙofa, kusa da tsintsiya, na shiga wanka na daɗe. Da na fito yana nan yadda na bar shi.

Jiya a rumfa, mutane cike, Mma ta dube ni ido cikin ido ta ce, "Zuera, in an tashi ki je Zongo Lane ki gwada takalmi da ƙafarki." Da irin muryar da take kiran 'ya'yan 'yan haya.

Mai kokon da ke gefenmu ta ce, "A'a, yau kuma sunan 'yar fari a bakinki?"

Mma ta ci gaba da zuba miya ta ce, "Wace 'yar fari?"

Na amsa kiran, Lariba. Na ce na'am.

Ki gaishe mini da Goggo.

Zuera