Shuɗiyar Takardar Baba

Zuwa ga Autata,

Bayan gaisuwa mai yawa. Yayarki lafiya, 'ya'yanta lafiya, sai ƙaramar da ke fama da haƙori. Ni gwiwa ce kawai. Babanki da sauƙi, amma hannun dama bai tashi ba, magana kuma ɗaya-ɗaya.

Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san da furfura na koye shi. Mai filin garejin Babanki zai fara gini ranar Asabar ta sama. Ya ce duk motar da ta rage a wurin, masu sayen tsohon ƙarfe za su sare ta. Saura koriyar motarsa nan da ta girme ki. Na ce a jawo ta da igiya, Babanki ya juya fuska bango, wai ba a taɓa jan motarsa ba. Tun ranar yake ture kwano.

Kawunki bakanike ya ce wani abu ne wai shi bawul ya karye a injin, kuma an daina yin irinsa. Akwai maƙeri mai injin feƙe ƙarfe, zai ƙera in an ba shi awo. Na auna guntun da tef ɗina na ɗinki: inci huɗu da ɗan wani abu, kauri kamar fensir. Maƙerin ya yi dariya har da riƙe ciki. To me na yi ba daidai ba? Ke ce mai karatun injin, ki fahimtar da ni.

Mahaifiyarki.

Mama,

Ina gaishe ku, a yi wa Baba sannu. Haba Mama, tef ɗinki da incin farko ya gutsure tun ina firamare? Ko sabo ne ma ba zai yi ba. Bawul in ya kauce da kaurin silin gashi, injin ba zai tashi ba, kuma karyayye ba ya ba da awon gaskiya.

Na duba a ofis da intanet. Littafin da na samu na ƙanwar motar ne, awonsu ba ɗaya ba. Abin da zai fisshe mu shi ne babbar takardar zanen injin da Baba ke yawan zancenta, shuɗiya mai fararen layuka da lambobi, wadda ya ce ɓeraye sun cinye. A sake zazzage akwatinsa, ko guntu ne.

Taki, Auta.

Auta,

Gaisuwa. Kowa yadda kika sani. Na ba wata yarinya wasiƙarki ta sake karanta mini, don na zaci idona ne. Motar ma ƙanwa gare ta? Wannan ban gane ba. Amma shuɗiya mai fararen layuka na gane.

Ba ɓeraye ba ne, Auta. Shekarar da za ki shiga makaranta na rasa takarda mai kauri da zan fitar da yankan rigarki. Na ga wannan a ƙasan akwati. Lokacin ko baƙi ɗaya ban sani ba, layukan na ɗauka ado ne. Na sa almakashi. Da ya tashi nema ya yi ta tsine wa ɓeraye, har kyanwa ya kawo gida, ni kuwa ina ba ta abinci.

Guntayen na adana su cikin aljihun keken ɗinkina: gaba, baya, hannuwa biyu. Na shimfiɗa su a tabarma tun safe, na rasa sama da ƙasa. Yau ina iya karanta lambobin, amma ban san na wane ƙarfe ba ne. In kai wa Babanki? Da wane baki?

Mahaifiyarki.

Auta,

Ban iya jiran amsarki ba, na kai masa. Ya daɗe yana kallon hannun rigar. Sai ya jawo faranti, ya harhaɗa su da hannun hagu cikin ɗan lokaci. Rabin bakinsa na motsi, ban san dariya ce ko kuka ba. Ya ɗora yatsa a gurbin da ya rage a tsakiya, ya ce, "Bawul." Ya dube ni ya ce, "Ɓera."

Guntun da babu a gurbin nan wuyan riga ne. Shi na naɗe miki allurai da shi a gwangwanin zaren da na ba ki ranar tafiyarki. Don Allah kar ki ce kin yar. Maƙerin yana son kwana biyu, saboda haka amsarki ta iso kafin Alhamis. Kar ki kwafo lambobin, ki aiko takardar da kanta. Alluran ki riƙe.

Ya ci rabin kwano yau.

Mahaifiyarki.