Famfon Unguwar Inna

Yaya Hassana,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya yara, ya jikin maigidan?

Malamin da ke koya wa ɗaliban injiniya dabarun bincike ya sa in raka su garinmu Tsibiri, su gano famfunan da ke buƙatar gyara. Na ce, "Samari, mata masu ɗibar ruwa za ku tambaya." Sai suka zauna da dattawa a ƙofar masallaci, aka yi ta "Ruwa sai godiya," suka rubuta komai lafiya. Famfon unguwar Inna kuwa tun damina ya mutu! Ko ni ne ban iya bayani ba? Malam ya ce a sake, su kuma sun tafi hutu. Inna dai har yau ruwan rafi take sha.

A sa mu a addu'a. Gaida mutanen gida.

Ƙaninki, Bello