Batirin da Ya Ci Hannun Isyaku

Litinin, 9 ga Maris, 2015
Shekara huɗu da wata bakwai rabona da garinmu Zonkwa. Matata Tabita ta ma daina tambayar yaushe zan zo.
Yau Alhaji Mu'azu ya sa aka jawo motarsa daga Tarauni zuwa shagonmu a Gyaɗi-Gyaɗi, irin mai haɗa fetur da lantarki. Batirinta na bayan kujera, dogo kamar akwatin gawa. Shekara ashirin ina rewaya, gyaran wutar mota, ban taɓa buɗe irinsa ba. Na ce a dakata. Isyaku, abokin shagona, ya yi dariya: "Haba Iliya, batir ai batir ne. Ko a coci aka hana ku?"

Talata, 10 ga Maris
Ya gwada shi yadda muke gwada kowane batir, a goga ƙarfe a ga tartsatsi. Ni ma haka nake yi, kada in yi masa sharri. Juyawa kawai na yi, sai ƙara. Sufanar da ya goga ta narke a hannunsa. Warin nan... na kasa cin abinci.

Laraba, 11 ga Maris
Yana asibiti. Ban iya kallon hannun ba.

Alhamis, 12 ga Maris
Motar na ƙofar shago cikin rana, batirin a buɗe. Ba mai yarda ya tura ta. Murhun Talatu mai abinci taku biyar ne daga wurin. Ta ce, "Baba Iliya, ka kwashe aljaninka, nan mutane ke zama." Gaskiyarta.
Alhaji ya turo direba, wai an gama? Na zage shi a zuci. Daga baya na ji kullum Alhajin yana zuwa duba Isyaku. To.

Juma'a, 13 ga Maris
Na je Daurawa wurin Ƙasimu, makanike ne da ya yi aiki a Kwatano. Ashe ba batir ɗaya ba ne, ƙanana ne ashirin da takwas a jere, ƙarfinsu ya isa kashe mutum. Akwai filogi ruwan goro, shi ake fara zarewa. Ya ara mini safar hannu ta roba, ya ce in bar hannu ɗaya a aljihu, don kada wutar ta ratsa ƙirji. Na ce ya zo ya yi. "Ina da 'ya'ya, Iliya." Wato ni nawa a kan bishiya suka tsiro.

Asabar, 14 ga Maris
Sau uku ina sa safar ina cirewa. Na tafi tasha, na tsaya kallon motar Kafanchan, ta hanyar gida, har ta cika. Na dawo.

Litinin, 16 ga Maris
Talatu ta kashe wutarta, na kori kowa. Na zare filogin. Hannun hagu na aljihu, na dama na kwance ƙananan batiran ɗaya bayan ɗaya. Addu'ar ma ta ƙi zuwa, sunan Tabita na yi ta kira.
Isyaku ya bugo waya daga asibiti: "Ka mutu ne?" Na ce tukuna.
Direban ya ce akwai wata motar irinta a Darmanawa mai neman gyara. Ban ce eh ba. Lambar mai ita dai na karɓa.
Cikin ƙananan batiran, bakwai sun ƙone. Na tsirar da ashirin da ɗaya, da yatsuna goma.