Salak Daga Katagum

Katagum, Maris 2004

Ƙanena Uzairu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da matarka Hauwa da 'yar lelena Jannatu. Ga salak da karas nan na ba direba ya kawo muku, tunda ku mutanen Azare ko ganye sai kun saya.

'Yata Zuliha ce ba ta jin daɗi tun bayan Sallah. Zazzaɓi da ciwon ciki. Mai kemis ya ce taifot ne, ya yi ta canza magani har ya gaji, jikin sai ƙara zafi yake. Yarinyar da ba ta iya zama wuri ɗaya, yanzu sai an ɗaga ta. An ɗebi jininta da bayan gidanta, na haɗa wa direban, ka duba mana a ɗakin gwajinku na asibiti.

Kuma kada ka fara min wa'azin kwatami. Na sani, da ruwansa muke ban ruwan lambu, kuma ruwan wanki da na kaji da na masai duk can suke gangarawa. Amma Maigida ya daɗe da magance wannan. Duk ranar kasuwa sai ya sayo kafso ja da yalo, ya ɓare, ya zazzage a ciki. Wace ƙwayar cuta ce za ta rayu a nan?

Ka huta lafiya.
Addarka, Dijatu

Azare, Maris 2004

Adda,

Wa'alaikumus salam. Duk muna gaishe ki, muna yi wa Zuliha sannu.

Na yi gwajin. Taifot ne. Na gwada ƙwayar da duk magungunan da muke da su, ba wanda ya taɓa ta sai allura ɗaya, ita ma da kyar. Hankalina ya tashi, Adda.

Kafson nan ba ya tsarkake ruwa. Raunanan ƙwayoyi yake kashewa, ya bar wa masu taurin kai fili. Sannan a ruwan kwatami akwai wasu halittu da suka fi ƙwayoyin cuta ƙanƙanta, ana ce musu bairos. Bairos yakan shiga cikin ƙwaya ya hayayyafa har ta fashe. Wani lokaci idan 'ya'yansa za su fito, sai su ɗauko ɗan guntun halin da ta gada, su kai wa ƙwayar da suka shiga a gaba, kamar dillaliya mai ɗaukar zane daga wannan gida ta kai wancan. Idan guntun na jure magani ne, shi ke nan, ita ma ta iya, 'ya'yanta ma haka. Ba mu da na'urar ganin wannan a nan, amma ina zargin abin da ya faru a kwatamin gidanku ke nan.

Don Allah ku kawo ta gobe. Ku daina amfani da ruwan nan. Ki lallaɓa maigidanki, na san da kyakkyawar niyya ya yi.

Allah ya ba ta lafiya.
Ƙanenki, Uzairu

Katagum, Afrilu 2004

Uzairu,

Sallama. Na gode da zuwanka gaisuwa. Ranar ban iya yi maka magana ba, ka yafe ni.

Wasiƙarka ta kwana a aljihun direba, ya manta. Da ta iso mun ɗauko Zuliha, amma ko rabin hanya ba mu yi ba ta cika a cinyata. Ruwa ta roƙa, ban ba ta ba, na ce ta bari mu isa wurin Kawunta. Wannan ruwan ne yake hana ni sukuni.

Maigida shi kaɗai ya cike kwatamin da ƙasa, ya tumɓuke lambun kaf, bai yarda kowa ya taya shi ba. Amma rani guda muna sayar wa mutane ganyen nan. Gida nawa ya shiga? Ina zan bi in karɓo?

Akwai abin da na kasa tambayarka ido da ido. Salak ɗin da na aiko muku, don Allah ka ce min kun zubar.

Addarka, Dijatu

Azare, Afrilu 2004

Adda,

Allah ya jiƙan Zuliha, ya ba mu haƙuri.

Direba gida ya kai kayan, ni kuma ya kawo min wasiƙar wurin aiki. Kafin in dawo Hauwa ta yi kwaɗo. Jannatu ta ci har ta nemi ƙari, don an ce mata daga Gwaggonta ne.

Jikinta ya yi zafi tun shekaranjiya. An fara yi mata allurar. Ki sa mu a addu'a.

Uzairu