Yatsun Shugabar Makaranta

Zuwa ga Kawu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya shagon zanen allunan talla, ya ciwon baya? Na rubuto takarda ne don na san saƙon waya ba ka buɗewa sai an tsaya a kanka.

Kawu, ɗanka fa ya zama wani abu. Mutum dubu casa'in ke bi na a waya, suna kirana Sarkin Burushi. Ina kunna kiɗa, in watsa fenti, in ɗan taka rawa, sai ga hoto. Yanzu makarantar da Yaya ke koyarwa sun gayyace ni Asabar ta sama, in zana shugabarsu mai yin ritaya a gaban jama'a, tana riƙe da ƙararrawar makaranta.

Wata 'yar tambaya ce: idan za a zana hannu, daga ina ake farawa? Ba wai ban sani ba, so nake in ji yadda ku mutanen da kuke yi.

Naka, Auta

*

Auta,

Takardarka ta iso, muna lafiya, baya da sauƙi. Maƙwabcina mai gyaran agogo ya nuna mini hotunanka, na sa tabarau na duba guda arba'in. Kana da ido, launi kuma yana jin maganarka. Amma duk mutanen da ka zana, wannan ya zura hannu a aljihu, wancan ya goya a baya. Har jariri ka yi wa aljihu. Na kuma lura bidiyon naka yana tsallake daidai wurin da aikin yake.

Ni shekara biyu na yi ina zana hannuna na hagu a bayan kwalaye kafin maigidana ya yarda in taɓa allon ciniki. Ka gaya musu gaskiya, ka roƙi a ajiye ƙararrawar a kan tebur. Allah ya yi maka albarka.

Kawunka

*

Kawu, barka da hutawa, da fatan kowa lafiya.

Autanmu bai ji shawararka ba. Ɗakin taro ya cika da iyaye, kowa ya ɗaga waya. Fuskar dai ta fita, har tafi aka yi. Da ya gangaro hannu sai ya zana ya goge, ya zana ya goge, ya ce a ƙara sautin kiɗa. Can ya matsa ya tambayi Shugaba a hankali ko za ta sa hannu a aljihu. Ta ce rigarta ba ta da shi, kuma shekara talatin tana kaɗa wannan ƙararrawa, ba yau za ta sake ta ba.

Da ya ja da baya, malamin lissafi ya ƙirga yatsun, ya sake ƙirgawa don kada ya zalunce shi. Bakwai ne. Shugaba ta dubi hoton, ta dubi hannunta, ta ce, "Da ina da waɗannan, da tuni na gama duba takardun jarrabawa." Wurin ya kece da dariya, ni kuwa na rasa inda zan sa kaina.

Wannan bidiyon ya fi duk nasa yawo. Kwana uku Auta yana ɗaki, ko abinci sai na matsa. Ya ce ya bar zane har abada, shi ya sa na saka shi a mota zuwa wurinka. Don Allah kada ka yi masa dariya a ranar farko.

'Yarka, Malama

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Kawu bai yi dariya a ranar farko ba, sai a ta biyu.

Kullum da safe yana jefa wayata cikin tsohon gwangwanin fenti, ya rufe, ya zauna a kai. Hannu talatin nake zanawa a rana. Makon farko ya ce ayaba ce, na biyu ya ce citta. Jiya na zana hannun mai agogo riƙe da 'yar sukudireba, Kawu ya daɗe yana kallo, ya liƙa a bango. Wallahi ya fi mini tafin duniya daɗi.

Da yamma yake mayar mini da wayar. Na saka munanan zane-zanen nawa a waya, babu kiɗa. Mutum dubu goma sha ɗaya sun gudu, waɗanda suka rage tambayoyi suke yi. Na kuma ɗauki Kawu a ɓoye yana jan layi miƙaƙƙe ba tare da rula ba. Mutum uku sun zo neman allo saboda shi. Ya yi mini faɗa sosai, da ya gama ya tambayi mutum nawa suka gani.

Ƙaninki, Auta

*

'Yata Malama,

Muna lafiya. Yaron yana ƙoƙari, amma kada ki gaya masa. Ki ba direba shuɗiyar rigata da na manta a gidanku. Ranar Alhamis muna da ɗaukar bidiyo, kuma wata mata a waya ta ce wadda nake sawa duk fenti ce.

Kawunki