Hatsin Cikin Waya

Daren Laraba, Tchaké, ƙarshen kaka

Yau aka rufe bikin girbi a wasan nan na waya. Sati biyu ina hawa tudun bayan kasuwa neman rezo, wato sabis ɗin waya, ina yankan hatsin zinariya, ina kashe dodannin da ke tsaron gonaki, duk don mayaƙina ya hau mataki na arba'in ya samu takobin da ba a bayarwa sai lokacin bikin. Na samu. Abokan wasa na wasu ƙasashe sai barka suke turo mini.

Yau ɗin nan kuma muka gama ɗaure namu hatsin. Ruwa ya ɗauke da wuri, tsutsa ta ci saura. Dami tara muka samu a gonar da bara ta cika rumbu. Ko amalanke ba mu nema ba, a ka muka ɗauko.

Bayan la'asar ina gindin rumbu ina kallon waya, ban ji zuwan Baba ba. Ya leƙa wayar, ya ga dammai jibge har sama. Na ɗauka faɗa zai yi. Sai ya ce a hankali, "Gonar wa ce wannan?"

Na ce, "Tawa ce, Baba, amma ta wasa ce."

Ya daɗe yana kallo, ko murmushi bai yi ba. Ya ce, "To, ka fitar mata da zakka. Tamu bana ba ta kai ba." Ya wuce.

Da ma ya zage ni. Na kasa cin tuwo. Takobin yana nan, ko zangarniya ɗaya ba zai yanka ba.