Baba da Murjanin Ƙarƙashin Gada

Kaledupa,
9 ga Maris.

Zuwa ga Yaya La Hamrin,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali, da aikin gonar kwakwar manja a Sabah. Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri. Nan gida kowa ƙalau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi, har ta koma turara mana rogo.

Maganar Baba ce ta sa na ɗauki alƙalami, don ni dai na gaji. Ka san masu gyaran teku sun kafa ƙarafa a ruwa suna dasa murjani, halittar ruwan nan mai kama da dutse, don kifi ya dawo. Baba ya ce ba za a yi ba da shi ba. Ya nutsa ƙarƙashin tsohuwar gadar da jiragen ruwa ke tsayawa, ya ɓamɓaro murjanin nan masu launin furen kabewa da muke leƙawa muna yara, ya ɗaure su a ƙarfe inda rana ke duka. Malama Yuliani mai kula da aikin ta gaya masa cikin ladabi cewa wannan iri ba ya gina tudun murjani, kuma ya fi son inuwa. Baba ya ce mata tun ubanta na rarrafe yake nutso.

Cikin sati uku gansakuka ta rufe su. Maimakon ya saduda, sai ya shiga ɗibar ƙananan jatan landen miyar Inna, yana nutsawa yana ba su ɗaya bayan ɗaya. Inna ta ce shekara arba'in bai taɓa sa mata loma a baki ba, yau ga shi yana yi wa dutse ɗura. Na yi magana, ya ce mai tallan kifi irina ba ta san ruwa ba.

Ranar Talata ya fito daga ruwa jini na zuba daga kunnensa na hagu. Likita ta ce dodon kunnen ya fashe, ta hana shi shiga ruwa. Ni na mayar da murjanin inuwar gada, guda bakwai ne suka rayu cikin talatin. Da na faɗa masa, ya ce ai albarkar abincin da ya ba su ce.

Yaya, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, namu kuwa ya bushe, amma kai yana jin maganarka. Ka buga masa waya cikin satin nan, don jiya na kama shi yana goge tabaraun nutsonsa. Ka ce masa ya kara wayar a kunnen dama.

Ka gaida mini Wa Nurmi da yara. Inna da Kawu La Dani suna gaishe ku.

Ƙanwarka,
Wa Sarnia